Kofin Gwaggo Veturia

Valea Nucului, 15 ga Oktoba, 1998

Sorana,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya a can Iași inda kika je kika manne. Ni gwaggonki ina nan da rai, sai bayan nan nawa da ya hana ni sunkuyo, da ƙafar hagu da ke kumbura in an yi sanyi. Mun gama dafa tsuikar bana, giyarmu ta 'ya'yan itace. Itatuwan bayan gida sun yi 'ya'ya sosai, giyar kuma ta yi ƙarfi, har na ware ganga ɗaya na toshe don ranar jana'izata. Ba ni da ɗa ba ni da jika, ke ce za ki tsaya a kaina ran nan, ban so ki ji kunya gaban mutane.

Joiana ta mutu. Saniya irinta ba za mu sake samu ba. Ran Lahadi da almuru babanki yana koro ta daga kiwo, sun kusa ƙofar gida, motar Nashu Traian, uban auren gidanmu, ta kwashe su su biyu. Ita nan take ta cika, ko yanka ba a samu yi ba, naman ya tafi a banza. Shi babanki Gavril yana asibitin gari, ƙafafunsa sun ɗan taɓu.

Da kin ga Nashu da kin tausaya masa. Mutumin da ya riƙe kyandir ranar auren iyayenki, ya ɗauke ki a hannunsa ranar baftismarki, ga shi tsaye a ƙofarmu yana kuka kamar yaro. Tsautsayi ne, an gama.

Kada ki taso. Kin fara aiki jiya-jiya, kuma zuwanki ba zai ɗora ƙashi ba. In kin ga maganin shafawa na baya a can, ki aiko.

Gwaggonki,
Veturia

Iași, 27 ga Oktoba, 1998

Gwaggo, ina sumbatar hannunki.

Ina fata bayan ya yi sauƙi. Maganin yana cikin ƙunshin nan, a shafa safe da yamma, ba a sha. Ni lafiyata lau, sai barci da ya ƙi zuwa.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya. Ranar da ta iso na shiga jirgin ƙasa na je asibiti. Ban ƙaraso ƙauye ba domin motar ƙauyenmu ba ta tashi ran Lahadi, ran Litinin kuma dole in kasance a ofis, lauyan da nake koyon aiki a wurinsa ba ya son uzuri.

Gwaggo, kin ce ƙafafun Baba sun ɗan taɓu. Ta dama ta karye wuri biyu. Ta hagu ta niƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, likita ya ce ba su tabbata za su iya ceto ta ba. Na sa ya maimaita, don kada in rubuta miki abin da ban ji daidai ba. Baba mai rufin ɗaki ne. Ko ya warke, ba na jin zai sake hawa tsani.

Bari in gaya miki abin da doka ta ce, na duba littafi, na kuma tambayi maigidana na ofis. Wanda direba mai maye ya raunata yana da haƙƙin kuɗin magani, da ladan aikin da ya rasa, da abin da zai ci kowane wata in ba zai ƙara aiki ba. Wannan ba sadaka ba ce, haƙƙinsa ne. Amma sai an tabbatar da mayen. In ba a tabbatar ba, za su juya maganar su ce Baba ne ya kora saniya a kan titi duhu ya fara, ba fitila a hannunsa. Laifin ya dawo kansa ke nan.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne an ɗebi jinin Nashu a asibiti a ranar, kuma na ji an sami giya a ciki da yawa. Baba bai so sa hannu a takardar ƙara ba. Ya ce, "Bari, 'yar nan, Nashu ne fa. Wa ke kai uban aurensa kotu?" Na ce, "Baba, wa zai ciyar da kai?" Sannan ya karɓi alƙalamin ya sa hannu.

Shi bai tuna komai ba bayan ƙarar motar, don haka ke zan tambaya. Daga ina Nashu yake zuwa? Wa da wa suka gani? Fitilun motarsa a kunne suke? 'Yan sanda sun zo da wuri? Kafin su zo, ina Nashu ya zauna, me ya yi? Don Allah ki amsa kowace, ko da kin ga ba ta da amfani.

'Yarki,
Sorana

Valea Nucului, 9 ga Nuwamba

Malama Lauya,

Muna lafiya, tunda ba ki tambaya sosai ba. Maganinki wari kawai yake, bai yi komai ba.

Sannu da aiki. Babanki ya yi shekaru yana rarrafe a kan rufin mutane, rana da ƙanƙara, don ki yi karatu, ashe karatun na kai Nashu kotu ne. Ran Lahadi a coci na rasa inda zan sa fuskata. Kin san rabin ƙauyen nan a injin katakonsa suke ci. Ke kina can, ni ce nake nan ina bin layin burodi da matansu.

Ga amsoshinki, tunda kin mayar da ni mai laifi gaban alƙali. Daga bikin baftisma yake zuwa, a ƙauyen tsallaken kogi. Kada ki tambaye ni ko ya sha. Wane namiji ne ke zuwa biki ya dawo da busasshen baki? Mutane sun gani, amma je ki tambaye su, kowa zai ce yana bayan gida yana ba aladu abinci. Fitila ban duba ba, saniyata nake dubawa. 'Yan sanda sun makara, sai da aka je aka kira su, kafin nan maza sun sa babanki a motar mai burodi sun tafi da shi.

Shi kuwa Nashu, da kowa ya bi motar, sai na ga an bar shi shi kaɗai a bakin titi, jikinsa na ɓari, fuska fari fat. Na kama hannunsa na kai shi kicin, na zaunar da shi, na zuba masa tsuika ya sha don firgita ta sake shi. Haka uwata ta yi wa duk wanda ya tsorata, haka na yi miki ranar da kare ya bi ki, kin manta ne. Balle Nashu, wanda ko lafiya lau ya zo ba ya fita gidan nan da ƙishi. Da ɗan sanda ya zo ma sai da na gaya masa na ba Nashu tsuika, don ya san gidanmu ba gidan marasa tarbiyya ba ne. Ya rubuta.

Shekaranjiya Nashu ya aiko da karsana, ja ce, ta fi Joiana tsayi. Ya aiko da itacen wuta mota guda. Matarsa Aurica da kanta ta kai wa babanki miyar kaza asibiti. Wannan shi ne mutumin da kike so a ɗaure.

Ki janye takardar nan ki bar mu mu zauna lafiya.

Veturia

Iași, 18 ga Nuwamba

Gwaggo, ina sumbatar hannunki.

Allah ya ba ki lafiya. Na yi waya asibiti jiya, Baba yana zazzaɓi, ƙafar hagu ta fara baƙi.

Na karanta wasiƙarki. Ba na ɗora miki laifi, na san da zuciya ɗaya kika yi. Amma ki fahimci abin da ya faru. An ɗebi jinin Nashu ne bayan ya sha a kicin ɗinki. Yanzu lauyansa zai ce a biki ruwa kawai ya sha, da hankalinsa ya tuƙa mota, giyar da aka gani a jini kuma taki ce. Ba wanda zai fito ya ƙaryata shi, ke ma kin faɗa.

Amma akwai hanya. Na je wurin wata likita da ke irin wannan awon don kotu, na nuna mata adadin da aka samu. Ta ce suna iya lissafi su koma baya, in sun san yawan abin da ya sha bayan hatsarin. Ta ce ƙaramin kofi ɗaya ba zai taɓa kai jini inda nasa ya kai ba, ko kusa. Babban kofi cike, sau biyu, zai iya. Na tambaye ta ko ta tabbata, ta ce in daina tambayarta abu ɗaya.

Saboda haka komai ya rataya a kan kofin. Ku biyu ne kawai a kicin, ba wanda ya gani sai ke. Na san kofunan gidanmu. Akwai ƙaramin nan mai kaurin gindi, wanda Baba ke cewa ko tsuntsu ya sha sai ya nemi ƙari, akwai kuma babban kofin shayi mai furanni. Da wanne kika zuba? Sau nawa? Ya cika ko bai cika ba? Ina roƙon Allah ya zama ƙaramin ne, kamar yadda kika saba.

Ki amsa da wuri. Kada ki yi maganar nan da kowa kafin in zo hutun Kirsimeti.

'Yarki,
Sorana

Valea Nucului, 1 ga Disamba

Sorana,

Ina raye.

"Kamar yadda kika saba." Madalla. Na wanke ki, na goye ki bayan uwarki ta mutu, yau kin zauna kin rubuta da alƙalami cewa gwaggonki marowaciya ce. Ashe abin da ku ke faɗa ke nan ke da babanki in na juya baya.

To ki ji. Da babban kofi mai furanni na zuba wa Nashu, ya cika har yana zuba a hannuna, ya shanye na ƙara masa. Daga mai ƙarfin, wadda aka dafa sau biyu. Duk ƙauye sun sani, Aurica ta faɗa a ƙofar coci gaban kowa.

An yanke wa babanki ƙafa ran Alhamis. Na ce a ba ni ita in binne a inda za a sa shi, sun hana.

V.

Iași, 11 ga Janairu, 1999

Gwaggo,

Na iso lafiya, jirgi ya makara saboda ƙanƙara. Ina fata tarin ya lafa. Tunda an sallamo Baba gida, ki riƙa juya shi kamar yadda na nuna miki, bayansa ya fara ja, in ya fashe ba zai warke da wuri ba.

Na bari kwana ya ɗan ja kafin in rubuto, don kada fushi ya rubuta maimakona. Zan maimaita abin da ya faru tsakaninmu a kicin, domin in na faɗi wani abu ba daidai ba ki gyara min.

Washegarin Kirsimeti kina tuƙa tuwon masara, na hau kujera na sauko da babban kofin mai furanni daga saman kabad. Maɓallai ne a ciki, da tsofaffin allurai, ƙura ta rufe su. Na zazzage, na zuba ruwa. Ruwan ya bi ta tsagar gindinsa ya zube a tebur. Sai na tuna, tun ina makarantar firamare kofin nan ya tsage, ni ce ma na yar da shi, kika mare ni.

Kika ce, "Sauke min kaya, 'yar bincike."

Na ce, "Gwaggo, wannan kofin ba ya riƙe ruwa."

Kika ce, "To sai ki kai shi ƙara shi ma."

Na ce, "Da wanne kika zuba masa?"

Kika ci gaba da tuƙi har tuwon ya fara kamawa. Sannan ba ki juyo ba kika ce, "To, ƙaramin ne. Bai ma cika ba. Kin ji daɗi? Ganga ce sabuwa, ban so in buɗe ta sosai."

Na durƙusa na kama hannunki na ce ki faɗi haka a kotu, shi ke nan abin da nake roƙo. Kika fizge hannun. Kika ce tun kina budurwa ƙauyen nan ke kiranki Veturia Ɗigo-ɗigo, yara na rera shi a bayanki, har mijin da ya so aurenki uwarsa ta hana, ta ce za ki kashe shi da yunwa. Kika ce Nashu ne da bakinsa ya fara gaya wa mutane cewa kin cika masa babban kofi sau biyu, Aurica ta ɗauka ta yaɗa, yanzu mata na matsa miki wuri a gaban coci, matar Fada, limamin cocinmu, ta kira ki ki raba abincin sadaka, abin da ba a taɓa yi ba. Kika ce, "Sai in tashi gaban alƙali da duk ƙauye in ce uban auren gidanmu ya shigo yana ɓari, na ba shi rabin ɗan kofi? Gara su binne ni."

Na ce Nashu ba yabonki yake yi ba, wuyansa yake cirewa da bakinki. Kika ce, "Na sani, ba jaka ba ce ni. Amma ke ma da kika san gaskiya, wane yabo kika taɓa yi min?"

Kin nemi amsa. Yanzu ina da ita. Kin rene ni, kin hana kanki don in sa takalmi. Tattalinki ne ya riƙe gidanmu, ba rowa ba. Zan faɗi wannan gaban kowa, a coci ko a kotu, duk inda kike so. Kalmar da na rubuta miki a baya kuskure ce, ki yafe.

Amma ki dubi ƙaninki. Da zan tafi ya kira ni ya ce in ɗaga bargo in sosa masa yatsun ƙafar hagu, suna masa ƙaiƙayi. Babu ƙafar, Gwaggo. Na sosa katifa, ya ce ya ji daɗi. Karsana ba za ta ciyar da shi shekara ashirin ba. Itacen wuta kafin bazara ya ƙare. Ranar da aka rufe shari'a, miyar kaza ma za ta daina zuwa.

An sa zama ran 23 ga Maris. Za su kira ki, za ki ɗora hannu a kan gicciye. Kalma ɗaya ce: ƙaramin.

'Yarki,
Sorana

Valea Nucului, 2 ga Fabrairu

Malama Lauya,

Tari na nan. Babanki na ci, na sha, na kira na dare da rana kamar ni baiwarsa ce. Bayansa ya fashe, kada ki ce ban juya shi ba, nauyi gare shi kamar buhun gishiri.

Na ga dogon labarinki. Kin iya tsara magana, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Ni dai ban tuna na ce komai a kicin ba sai "miƙo gishiri." Kin rubuto ne don in amsa miki a takarda in ce haka ne, ki ɗauka ki kai wa alƙali. Ni na koya miki ɗaura ɗankwali, ba ke za ki yi min dabara ba.

Yabon da kika ce za ki yi min, riƙe abinki. Yabon da aka roƙa da durƙuso ba na so.

Kofi mai furanni lafiyarsa lau, ki zo ki gani. Karsana ta ɗauki ciki.

Na sayi tawul ashirin da huɗu na rabawa a jana'iza, da kyandirori, na sa a akwatin ƙarƙashin gado tare da rigar da za a sa min. Ki tuna, dafaffiyar alkamar sadaka, a zuba mata gyaɗar goro ta bishiya da yawa, kuma kowa ya sha daga gangar har ya ture. Ban so a ce komai a bayana.

Veturia

Iași, 19 ga Afrilu, 1999

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Mun iso, Baba ya jure tafiyar, ma'aikatan jirgi biyu suka taimaka aka sauke shi. Ɗakina ɗaya ne, shi ke kan gado, ni a ƙasa. Likita ya duba bayansa ya ce an bar shi ya daɗe a gefe ɗaya. Na rubuta miki abin da ya ce ne kawai.

Ba ki zo jin hukunci ba, kin ce karsana ba ta da lafiya. Ranar da na zo ɗaukar Baba kuma kin kulle kanki a ɗaki. Don haka zan gaya miki yadda aka ƙare, tunda aikin hannunki ne.

Amma bari in fara da ranar shaidarki, domin ke kina tsaye a gaba, ba ki ga abin da na gani daga baya ba. Nashu ya kwaso ma'aikatansa da matansu a babbar mota, ya cika benci uku. Kin shigo da baƙin ɗankwalinki na coci, kin ɗora hannu a kan gicciye, muryarki ko rawa ba ta yi ba. Lauyansa ya tashi yana murmushi ya ce, "Uwa, an ce a ƙauyenku ba gidan da ya kai naki karɓar baƙo." Kika ce, "Haka suke cewa." A bayana wata ta toshe baki da hannu. Wani ya ce a hankali, "Ɗigo-ɗigo ta zama kogi," benci ya girgiza da dariyar da suke dannewa. Aurica ma ta yi. Na ga kafaɗunta.

Sannan kika buɗe jaka kika fito da kofi mai furanni. Ba namu ba ne. Namu furanninsa shuɗi ne, wannan ja ne, ko tabon shayi babu a cikinsa. Lauyan da na samo wa Baba ya tambaye ki ko kin tabbata shi ne. Kika juyo kika dube ni, ni, ba shi ba, kika ce, "A gidana ba a auna wa baƙo. Waɗanda suka je birni ne suka koyo awo." Aka yi dariya a fili, alƙali ya buga tebur. Na nemi a bar ni in faɗi abin da kika gaya min a kicin. Aka ce ni 'yar mai ƙara ce, kuma ban ga komai da idona ba. Gaskiya ne, ban gani ba.

Likitoci suka yi lissafinsu da kofinki. Suka ce da babban kofi biyu a ciki, ba za a iya tabbatar da cewa yana cikin maye lokacin da yake tuƙi ba. Kotu ta ce mafi yawan laifin na wanda ya kora dabba a titi ne babu fitila. Abin da kamfanin inshora zai ba Baba bai kai kuɗin ƙafar roba ba. Na kowane wata babu. An mayar wa Nashu lasisinsa, a ƙofar kotu ya zo ya sumbaci Baba a goshi, ya ce ya yafe mana.

Ana iya ɗaukaka ƙara. Na shirya takardar, na kai wa Baba. Ya ce, "In sa hannu a ce yayata ta yi rantsuwar ƙarya, a ɗaure ta?" Ya ture alƙalamin. Wa'adin ya wuce ran Juma'a. Ya ce in gaishe ki. Ya kuma ce in gaya miki wani abu, zan rubuta yadda ya faɗa: "Ki ce wa Yaya, shekara sittin muna gida ɗaya, ban san tana da kyauta haka ba. Ƙafa guda ta ba Nashu."

Ba zai dawo ba. Gidan naki ne, da karsana, da wurin zama a gaban coci. Ki tambayi Aurica ko za ta riƙa kawo miki ruwa daga rijiya in sanyi ya dawo.

Sauran magana ɗaya. Kin sha gaya min yadda kike so a yi jana'izarki, kuma zan yi. Ba zan guje wa abin da ke kaina ba. Za a sa miki rigar, za a raba tawul, za a dafa alkama da gyaɗar goro. Za a buɗe gangar. Zan gayyaci duk ƙauye, da Nashu da Aurica a kan tebur na farko.

In kin duba kabad za ki ga ƙaramin kofin nan mai kaurin gindi ba ya nan. Kada ki zargi maƙwabta, ni na ɗauke shi. Yana cikin akwatina, na naɗe shi da safa don kada ya fashe. Da shi zan shayar da su ran nan, ɗaya bayan ɗaya, ni da kaina, kowa sau ɗaya. Ba zan cika shi ba. Duk wanda na miƙa wa zan ce, "Sha don ran Veturia, da kofinta, yadda ta saba."

Ki kula da lafiyarki. Ba na sauri.

Sorana